Yadda Ake Shirya Karatun Iyali A Ƙasar Polan: Makarantar Yara, Jami'a Da Koyon Polanci

Wanda ya samu aiki ko gurbin karatu a Polan, hankalinsa yakan ƙare a kan biza da kuɗin jirgi da gidan haya. Maganar makarantar yara sai a ce idan an isa a gani. Mu ma haka muka yi, kuma watanninmu na farko sun yi mana nauyin da bai kamata ba. Abin da na fahimta daga baya shi ne, makarantar gwamnati a Polan a buɗe take ga ɗan baƙo kamar yadda take ga ɗan ƙasa, kuma kyauta ce. Abu biyu ne kawai suke tsakaninka da ita: takardu da harshe. Takardu a gida ake gama su. Harshe kuwa shi ne dogon aikin, shi ne kuma zai yanke ko ɗanka zai shiga jami'a kyauta ko da kuɗi.

Tun kana gida: haɗa takardu

Ka ware wa kowane yaro jakar takardunsa. A ciki a samu takardar haihuwa, katin rigakafi, sakamakon jarrabawar shekarar ƙarshe, da wasiƙa daga makarantarsa mai hatimi da sa hannun shugabanta, wadda ta faɗi ajin da ya gama da adadin shekarun da ya yi yana karatu. Wannan wasiƙa ta fi yadda kake zato muhimmanci, domin da jimillar shekarun karatu ake auna ajin da za a sa yaro a can.

Kafin ka rufe jakar, ka jera takardun a kan tabarma ka duba rubutun suna harafi bayan harafi. A wajenmu Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk mutum ɗaya ne. A teburin ma'aikacin Polan mutum uku ne. Sunan ɗana ya bambanta da harafi biyu tsakanin fasfo da takardar haihuwa, kuma gyaran da zai ɗauki kwana biyu a gida ya ci mana makonni muna can. Rubutun fasfo shi ne ma'auni, a daidaita sauran a kansa.

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ke sa hatimi ɗaya ya wadatar a ƙasashen waje. Don haka takardun sakandare da na jami'a, irin su sakamakon WAEC ko NECO da shaidar digiri, sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Polan da ke Abuja. Ka fara wannan zirga-zirgar da wuri. Fassara kuwa ka bari sai ka isa, domin ofisoshinsu sun fi amincewa da aikin mai fassarar da gwamnatinsu ta rantsar, wanda suke kira tłumacz przysięgły. Masu fassara daga Ingilishi da Faransanci suna nan a kowane babban birni, kuma da shafi suke caji.

Makon farko: adireshi, lamba, makarantar unguwa

Da zarar kun samu gida, ka ɗauki yarjejeniyar haya da fasfo ɗinku ka je ofishin ƙaramar hukuma a yi muku rajistar adireshi. Daga nan ake ba kowa lambar PESEL mai alƙaluma 11, wadda asibiti da banki da makaranta duk za su riƙa tambaya. Amma kada jiran lambar ko jiran katin zama ya sa ka ajiye yaro a gida. Da lambar fasfo ma ana yi masa rajista.

Kowane titi yana da makarantar firamaren da aka rataya masa, ana ce mata szkoła obwodowa. Wannan makaranta wajibi ne ta karɓi yaron da ke zaune a yankinta, ko a tsakiyar shekara ne. Ka tambayi ofishin ƙaramar hukuma wacce ce taku, ka je ofishin sakatariyar makarantar da jakar yaron. Shekarar karatu tana farawa a farkon Satumba, ta ƙare a ƙarshen Yuni, da hutun sanyi na mako biyu a Janairu ko Fabrairu gwargwadon lardin da kuke. Idan da hali a tsara tafiya yadda za a isa a Yuli ko Agusta, yara su fara tare da kowa.

Ga yadda tsarin yake tun bayan gyaran 2017. Daga shekara 3 yaro zai iya shiga makarantar reno, przedszkole, inda awa biyar na kowace rana kyauta ne, sai kuɗin abinci da na ƙarin lokaci. Mai shekara 6 dole ya yi shekarar share fage, wadda kowa ke kira zerówka. Firamare tana farawa a shekara 7, kuma aji takwas ce. Bayanta sai sakandare iri uku: liceum shekara 4, technikum shekara 5, ko makarantar sana'a shekara 3. Karatu tilas ne har yaro ya cika 18.

Wane aji za a sa shi?

A nan nake so iyaye su natsu. Lissafin shekaru zai ce wanda ya gama aji shida na firamare a gida ya shiga aji bakwai. To amma yaranmu da yawa suna fara makaranta da wuri, sai ka ga yaro ɗan shekara 11 ya faɗa cikin 'yan 13, ga ilimin sinadarai da kimiyyar lissafi, ga wani harshen waje na biyu da ake ƙarawa a aji bakwai, duk kuma cikin harshen da bai iya gaisuwa da shi ba. Doka ta ba shugaban makaranta damar duba shekarun yaro da ra'ayin iyayensa. Ka yi amfani da wannan dama. Mu muna ganin maimaita aji abin kunya ne, amma a nan ba maimaici ba ne, sanya yaro cikin sa'o'insa ne. 'Yata ta koma baya da aji ɗaya bisa roƙonmu, kuma ban taɓa nadamar hakan ba.

A ranar rajistar ka nemi abin da doka ta tanada wa ɗan baƙo, kuma ka nema a rubuce. Akwai ƙarin darasin Polanci kyauta, aƙalla biyu a mako. Akwai darasin cike giɓi a fannin da malami ya ga yaro yana baya. Wasu makarantu a manyan birane suna da aji na musamman ga sababbin zuwa, oddział przygotowawczy, inda ake ba harshe ƙarfi shekara guda kafin a haɗa su da sauran. Ga yaro mai shekara 10 zuwa sama, irin wannan aji ya cancanci a yi masa doguwar tafiya a bas. Ƙanana kuwa ba sa bukatarsa sosai, a filin wasa suke tsintar harshen.

Za a ba ka shawarar makarantun kuɗi masu koyarwa da Ingilishi. Idan kwangilarka ta shekara biyu ce kuma kamfani zai biya, babu laifi. Idan zama kuka zo yi, ra'ayina shi ne kada ka ɓoye yaro daga harshen ƙasar da zai girma a cikinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwan yau da kullum da ba wanda zai faɗa maka

Yawancin makarantun gwamnati ba su da yunifom, amma ranar buɗe makaranta da ranakun biki ana sa farar riga da baƙin wando ko siket. Kowane yaro yana zuwa da takalmin canji a ƙaramar jaka, ya tuɓe na waje a ɗakin ajiye kaya saboda laka da dusar ƙanƙara. Ranar farko ɗana ya wuni da safa kawai a aji, don ba mu san da wannan ba. Littattafan firamare aro ake bayarwa kyauta, a mayar a ƙarshen shekara. Idan iyaye suna aiki, akwai ɗakin jira mai suna świetlica inda malamai ke kula da yara har yamma.

Saƙon makaranta ba ya zuwa a takarda. Yana zuwa ta manhajar waya, galibi Librus ko Vulcan: maki, rashin zuwa, taron iyaye, kuɗin fita yawon buɗe ido. Ka karɓi lambar shiga tun ranar farko, ku sa ta a wayarka da ta uwargida, ku riƙa fassara saƙonnin kowane dare. Ka kuma san cewa daga aji huɗu maki daga 1 zuwa 6 ne, 6 ne ƙololuwa, 1 faɗuwa. Kada yaro ya kawo 1 ka ɗauka na ɗaya ya zo.

Abincin rana ana biya wata-wata, kuma naman alade yana yawan fitowa. Ka haddace kalmomi huɗu: wieprzowina naman alade ne, schabowy soyayyen yankinsa, szynka da boczek ma daga jikinsa suke. Ana lika jadawalin abincin mako, sai ku duba ku zaɓi ranakun da yaro zai tafi da na gida. Darasin addini, wanda kusan ko'ina na Katolika ne, ba tilas ba ne, sai iyaye sun nuna suna so ake sa yaro. Ranar Sallah ba hutu ba ce, amma idan ka rubuta wa makaranta tun kafin ranar za a ba yaro izini. Karatun allo da na Islamiyya ya dawo wuyanku da na masallacin garinku. Akwai masallatai a Warso, babban birnin ƙasar, da Gdansk, kuma Musulmin Tatar sun yi ɗaruruwan shekaru a gabashin ƙasar, har yau masallatansu na katako suna nan a Kruszyniany da Bohoniki.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: tun 2010 doka ta haramta dukan yaro, har a cikin gida. Malami da ya ga shaida a jikin ɗalibi wajibinsa ne ya kai rahoto. Ku zauna ku tattauna wannan tsakaninku tun kafin ku tashi.

Masu shekara 13 zuwa 17

Waɗannan su ne suka fi shan wuya, su ne kuma aka fi mantawa da su don ana ganin sun girma. A ƙarshen aji takwas akwai jarrabawar ƙasa a Polanci da lissafi da harshen waje. Shiga sakandare da maki ake yi, 200 ne gaba ɗaya, rabi daga jarrabawar, rabi daga sakamakon makaranta. Yaranmu suna da riba a harshen waje, domin Ingilishi ko Faransanci da suka zo da shi yana cikin waɗanda ake zaɓa. Lissafi ma ba ya bukatar dogon zance. A Polanci ake asarar maki. Ɗan baƙon da harshe ke ba shi wahala yana da haƙƙin a sauƙaƙa masa, kamar ƙarin lokaci da ƙamus, amma sai an shirya hakan da makaranta tun farkon shekara. Ka tambayi malamin aji a Satumba, kada ka jira Afrilu.

Kada kuma a raina technikum. Yaro yana fita da shaidar sana'a, kamar harkar kwamfuta ko lantarki, kuma yana iya zana matura, jarrabawar gama sakandare da ake yi a Mayu, wadda ita ce ƙofar jami'a.

Jami'a

Jami'o'in Polan ba na jiya ba ne. Ta Jagiellonian da ke Krakow an kafa ta a 1364, ta Warso a 1816. Digiri na farko shekara 3 ne, na injiniya 3 da rabi, na biyu shekara 1 da rabi zuwa 2, likitanci 6. Ana fara karatu a Oktoba, kuma kowace jami'a tana da shafinta na neman gurbi a intanet. Ba ka bukatar dillali. Duk abin da zai cika maka, kai ma za ka iya cikawa, kuma kuɗin rajista asusun jami'a ake tura shi, ba na wani mutum ba. Idan jami'ar mai zaman kanta ce, ka tabbatar tana da izinin ɗaukar baƙi kafin ka biya ko kwabo.

A 2025 an tsaurara dokar ɗaukar ɗalibai daga waje. Yanzu sai mai nema ya nuna ya kai matakin B2, wato na huɗu cikin matakai shida na ƙwarewa a harshe da suka tashi daga A1 zuwa C2, a harshen da zai yi karatu da shi, kuma shaidar sakandare daga ƙasashe irin namu tana bukatar tantancewar hukumar NAWA, wadda ke kula da musayar ilimi da ƙasashen waje. Ita wannan hukuma ce kuma ke ba da tallafin karatu na Stefan Banach ga masu digiri na biyu daga ƙasashe masu tasowa. Ka riƙa duba shafinta tun farkon shekara don ganin ƙasashe da fannonin da aka buɗe wa.

Ga inda harshe yake zama kuɗi. Karatu da Ingilishi biya ake yi, 'yan dubban Yuro a shekara, likitanci kuwa ya haura Yuro 10,000. Amma karatun cikakken lokaci da Polanci a jami'ar gwamnati kyauta ne ga wasu rukunin baƙi: mai izinin zama na dindindin, wanda katin zamansa na haɗuwa da iyali ne, da duk wanda ya riƙe shaidar gwamnati ta ƙwarewa a Polanci a matakin C1. Yaron da ya shiga makarantar unguwa yana ɗan shekara 10 zai kai wannan mataki ba tare da ya ji a jikinsa ba. Wanda ya zo da girmansa kuma akwai kwas na share fage na shekara guda. Mafi daɗewa shi ne na Jami'ar Lodz, wanda tun shekarun 1950 yake koyar da baƙi, kuma 'yan Afirka da dama sun bi ta cikinsa.

Koyon Polanci ga manya

Za ka ji ana cewa Polanci ba ya koyuwa. Ba gaskiya ba ne, kuma Bahaushe yana shigarsa da guzurin da mai Ingilishi kaɗai ba shi da shi.

Fara da haruffa, mako biyu ba ka taɓa nahawu ba. Suna da 32, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa, kamar Hausar boko. Abin da suke rubutawa sz shi ne sh namu. Cz shi ne c namu na "ciki". C nasu yana kusa da ts namu, sai dai babu maƙurewar. J nasu y ne, ł kuwa w ne. Shi ya sa birnin Lodz, da suke rubutawa Łódź, ake kiransa Wuc. Nauyin kalma kusan kullum yana kan gaɓa ta biyun ƙarshe. Wuraren da harshenmu ke tuntuɓe uku ne: raba p da f, furta w nasu wanda ake yi da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, da baƙaƙe masu cunkushewa babu wasali a tsakani. Bakinmu zai so ya ce "pisheparasham", alhali przepraszam, wato yi haƙuri, "psheprasham" ne a dunƙule. Ka tsaya gaban madubi minti biyar kullum da kalmomi irin wannan.

Jinsi ba zai ba ka mamaki ba. Kamar a Hausa, sunan da ya ƙare da a galibi mace ne: szkoła makaranta, woda ruwa, książka littafi. Kamar yadda muke da gida da nama da suka fita daga ƙa'ida, su ma suna da tata, wato baba. Yadda muke bambanta "ka zo" da "kin zo", haka idan za a ce "na kasance", namiji yake cewa byłem, mace ta ce byłam. Sabon abu shi ne jinsi na uku, wanda ba namiji ba mace.

Babban dutsen shi ne yadda ƙarshen suna ke sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, har hali bakwai. Sunan birnin Warso a harshensu Warszawa ne, amma za ni do Warszawy, ina zaune w Warszawie. Sunayenmu ma ba su tsira ba. Yarinya mai suna Amina za ta ga an rubuta Aminy, Aminie, Aminę a saƙon malama, kuma ba kuskure ba ne. Kada ka zauna haddar jadawalin ƙarshen kalmomi. Ka haddace jimla sukutum, irin wadda za ka faɗa gobe: poproszę chleb a shagon burodi, nie rozumiem idan ba ka gane ba, proszę mówić wolniej don a sassauta magana. Ƙa'idar za ta fito da kanta daga baya. Ka kuma kiyaye ladabi: babba ko wanda ba ka sani ba, Pan ake ce masa, mace Pani. Kiran malamar ɗanka da "ty", wato "ke" kai tsaye, kamar ka kira surukarka da sunanta ne.

Manhajar waya tana taimakawa wajen tara kalmomi, amma ba ta maye gurbin aji. Ka nemi kwas mai malami sau biyu a mako. Ƙungiyoyi irin su Fundacja Ocalenie a Warso suna koyar da baƙi kyauta, sai dai gurbi yana cika da wuri. Ina roƙon magidanta da babbar murya: kada a bar uwargida a baya. Maigida yana jin harshen a wurin aiki, yara a makaranta, ita kuwa tana gida cikin hunturun da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Ita ce za ta kai yaro asibiti, ita za ta je taron iyaye. Idan kuɗin kwas na mutum ɗaya ne, a fara da ita.

Ka sa wa kanka wa'adin jarrabawar gwamnati ta matakin B1. Ita ake nema idan an zo neman izinin zama na dogon lokaci ko zama ɗan ƙasa. Sau kaɗan ake yin ta a shekara, kuma gurabe suna ƙarewa cikin ɗan lokaci bayan buɗe rajista, don haka ka san ranar tun da wuri, ka zauna gaban kwamfuta kafin lokacin ya yi.

A gida kuma a ci gaba da Hausa. Cikin shekara biyu za ka ji yara suna faɗa da juna da Polanci, kuma daga nan Hausar ce ke bukatar kariya. Ku sa dokar cewa a kan abinci da Hausa ake magana, a riƙa kiran kakanni a waya kowane mako. Idan kuna Warso, ku sani Jami'ar Warso ta daɗe tana koyar da Hausa a sashenta na harsuna da al'adun Afirka, inda masana irin su Farfesa Nina Pawlak suka yi shekaru suna nazarin harshenmu. Ɗalibansu suna bukatar wanda za su yi hira da shi. Ka rubuta wa sashen ka ce kana neman abokin musaya: awa ɗaya ku yi Hausa, awa ɗaya ku yi Polanci.